Rago Ɗaya, Mai Saye Tara

Ni ɗan Daura ne, a wata unguwa kusa da Kusugu aka haife ni. Ba zan faɗi sunana ba, ya sha yawo a bakin mutane haka nan. Abin da nake so ku sani shi ne ban taso cikin yunwa ba, balle in ce ita ta tura ni. Mahaifina ya rasu ina firamare. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Mamman, mai kiwon ragunan turke a Mashi, shi ya riƙe karatuna, kuma shi ya saya mini kwamfuta da na gama sakandare.

Da ita na koyi sana'a. Na iya haɗa shafin intanet mai motsi, ka taɓa hoto ya juya, ka danna nan can ya buɗe. Na iya yaɗa bidiyo kai tsaye, ina yi wa masu walima da masu wa'azi. Ina samun na kaina, har in ba Inna na cefane.

Wata shekara, Babbar Sallah ta matso, na ce wa Kawu ya bari in sa ragunansa a intanet.

Ya ce, "Ni ban san kan wannan abin naku ba. Amma in dai abin da mai saye ya gani shi za a kai masa, bismilla."

Na zauna na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Kowane rago da hotonsa, in ka ja yatsa a kansa sai ya juya, ka ga ƙaho, ka ga ƙirji, ka ga cinya. Bayan la'asar kuma sai in kunna bidiyo kai tsaye, Kawu na tsaye a cikin garke yana buɗe bakin rago yana faɗin kuɗinsa. Mutanen Kaduna da Abuja suka riƙa turo kuɗi, muna loda musu a mota. Ba shafina suka yarda da shi ba. Furfurar Kawu suka gani, da yadda yake magana ba rantsuwa.

Ɓarnar da ƙaramin abu ta fara. Wani rago ya ɗan rame, sai na ja hotonsa ya yi faɗi. Aka saya, ba wanda ya yi ƙorafi. Wata rana kuma ƙyuya ta hana ni zuwa Mashi, sai na saki tsohon bidiyo, na ɗora masa jan ɗigon nan mai ƙyaftawa da ke nuna kai tsaye ake yi. Ni na zana ɗigon da hannuna. Mutane suka yi ta gaida Kawu a ƙasan bidiyon, alhali yana gona.

Na ba abokina Bashari labari a majalisa, ina alfahari. Ya ce, "Kai fa wawa ne. A turke ne rago yake ɗaya. A waya ai nawa ka ga dama."

Da Sallar gaba ta zo, na buɗe shafi na biyu Kawu bai sani ba. Fuskarsa, muryarsa, garkensa, amma lambar asusun ta Bashari ce. Akwai wani farin balami da Kawu ya riga ya sayar wa maƙwabcinsa. Shi na sayar wa mutum tara. Har wani hatimi na ƙirƙira, duk wanda ya biya sai ya ga ya faɗo a kan ragon da ƙara, an rubuta "Naka ne". Kwana biyu na yi ina gyara yadda zai faɗo don ya burge. In na tuna dariyar da nake yi lokacin, ji nake kamar in shaƙe kaina.

Ranar jajibiri, huɗu daga cikinsu suka gaji da jiran mota, suka taho Mashi. A tsakiyar kasuwa suka sami Kawu. Suka ci kwalarsa, hularsa ta faɗi, ɗaya ya wanka masa mari. Jama'a suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. A caji ofis ya yi Sallah, mutumin da ko ƙara ba a taɓa kai shi wajen mai unguwa ba.

Ni kuwa ina Kano na ɓuya. Bashari ya hau babur ya tsallaka iyaka da kuɗin gaba ɗaya, ya kashe waya. Sai Inna ta kira ni.

Ta ce, "Ɗan'uwana yana kulle a kan laifinka. In gobe rana ta faɗi ba ka kai kanka ba, kada in mutu ka zo gaisuwa."

Na kai kaina.

A kotu akwai wani tsohon malamin makaranta cikin waɗanda na cuta. Ya ce wa alƙali shekara uku yana tara kuɗi don ya yi layya da rago babba sau ɗaya kafin ya bar duniya. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Da kai na gani, yaro, da ban tura ba. Dattijon nan na gani." Aka ɗaure ni shekara biyu.

Shekarar farko a gidan yari, Bashari nake tsinewa safe da yamma. Daga baya na daina yaudarar kaina. Bashari ko kunna kwamfuta bai iya ba. Magana kawai ya yi. Hannun da ya yi aikin nawa ne.

Da aka sake ni, kafin in shiga gida na wuce Mashi. Turakun nan duk babu komai. Kawu ya sayar da dabbobinsa ya biya mutum taran nan, ba tare da kotu ta ce ya biya ba. Yanzu dillancin dabbobin wasu yake yi a kara, wasu ma ba sa ba shi. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Tashi. Na yafe maka duniya da lahira. Dabba kuwa Allah ke bayarwa." Sai ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙonka. Bidiyon da aka mare ni har yanzu yana yawo, jikokina sun gani. Kai da ka iya abin nan, ka goge mini shi."

Na ce, "Kawu, ba ya goguwa."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah Ya karɓa. Na koma sana'ata, ina yi wa makarantu da masu shaguna aiki na halal, kaɗan-kaɗan. Amma abin da ke ƙona mini rai shi ne, tun fitowata samari uku sun same ni a ɓoye, wai in koya musu yadda na yi. Ɗaya har cewa ya yi ni gwani ne, rashin sa'a kawai na yi. Ban san sanda na kore shi da zagi ba.

Ku saurare ni, ku masu waya a hannu. Ku koyi sana'ar nan, tana da kyau, tana ciyarwa. Amma ranar da za ku ja hoto ya fi gaskiyarsa faɗi, ku tsaya nan, kada ku ce ƙaramin abu ne. Kuma kada ku kira abin da na yi wayo. Sata ce, da fuskar wanda ya rene ni na yi ta. Ni shekara biyu aka yanka mini, na gama. Kawu ba alƙalin da ya yanka masa komai, kuma har yau bai fito ba.