Baba Mai Gadi da Bokitin Wankin Hannu

Baba Mai Gadi ya tsufa a bakin ƙofar makarantar mishan, kuma burinsa ɗaya ne a duniya: a sa shi cikin mawaƙan coci. Duk shekara sai ya je gwaji, duk shekara a sallame shi cikin ladabi, domin in ya buɗe baki sai ka ce ana jan tebur a kan siminti.

Kwatsam sai ciwon jan ido ya ɓarke a makarantar. Nas ɗin makarantar ta ajiye bokiti da sabulu a ƙofa, ta ce, “Baba, duk mai shiga ya wanke hannu. Don kada su yi sauri, ka ɗan rera musu waƙa, in ta ƙare su ɗauraye.”

Baiwar Allah ba ta san abin da ta jawo ba. Baba ya zaɓi waƙar da ta fi kowace tsawo, ga amshi bayan kowane baiti. Yaron da ya yi dariya, a koma farko. Fasto kansa ya tsaya yana cuɗa kumfa har yatsunsa suka yamutse.

“Baba, ai hannun ya fita,” in ji Fasto.

“Ya fita, Fasto, amma saura baiti huɗu.”

Ba a jima ba ciwon ya kau, malamai suka ce muryar ce ta kore shi. Ranar Lahadi kowa na ta godiya ga Ubangiji, Baba kuwa ya lallaɓa wajen nas, rungume da bokitinsa.

“'Yata,” ya ce a hankali, “ko ɗan tari babu a hanya?”