Alƙiblar da ban lissafa wa Haruna ba

Jama'a, wannan labari ba ji na yi a bakin wani ba, da ni ya faru, kuma wallahi da in ƙara masa gishiri gara in yi shiru. Wajen shekara ta 2006 ne, ina Lyon ina karatun zana taswira, ina kwana a wani ɗan ɗaki a Saint-Fons, inda warin masana'antu ke bin mutum har cikin bargo.

Ina da taubashi, Haruna, ɗan gwaggona, tare muka tashi a Damagaram. Ya yi shekaru a Clichy-sous-Bois, gefen Paris, yana dakon kaya, sai Allah ya ba shi takardar Amurka, neman aiki kuwa ya ja shi har wata 'yar gunduma can tsakiyar ƙasar, inda ake da kamfanin yanka shanu. Duk Lahadi nakan shiga taksifon, shagon buga waya, in kira shi, shi ko ya yi ta ba ni labarin wurin: ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ba dutse ba tudu, masara iya ganinka, hanyoyi miƙe ɗoɗar suna gicciye juna. Ya ce tsofaffin manoma ne suka rage, jikokin Jamusawa, 'ya'yansu duk sun gudu birni, sai 'yan Meksiko da ke aiki tare da su. Musulmi a gundumar kaf su uku ne, shi da wasu 'yan Tawa biyu, ba masallaci ba liman.

Kusan kullum kafin mu ajiye waya sai ya ce, "Kai bawana, duk karatun ƙasar nan da kake yi, lissafa mana alƙibla mana. Mu dai gabas muke duba kamar a gida." Ni kuma in ce, "Ubangidanka kake aike? Kawo goron sallah tukuna." Mu yi dariya. To kun san tsakanin taubasai, magana ba ta zama gaskiya sai an ɗaure fuska, shi kuwa Haruna bai iya ɗaure fuska ba. Aikin minti goma ne fa, wallahi minti goma, na ja shi wata bakwai.

Wata Asabar a ƙarshen watan takwas, da rana tsaka, na je Guillotière sayen kuka da daddawa. Ina fitowa daga shago sai na gan shi tsaye bakin tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, cikin farar rigar aiki da dogayen takalman roba, mutane suna ta ratsa shi ta gefe. Na ce, "Kai! Haruna? Yaushe a gari, ɗan banza, ba ko sanarwa?" Na miƙa hannu, bai karɓa ba. Sai na lura wuyansa a karkace yake, haɓarsa ta kusa taɓa kafaɗar hagu, da gefen ido yake kallona. Ga rana tana dukan mutum amma sanyi ke fitowa daga jikinsa, irin na ɗakin ajiye nama.

Ya ce, "Har yanzu ba ka lissafa ba?"

Ba dariya a muryarsa, ko kaɗan. Na ce, "Haba, yau ɗin nan zan yi, zo mu je gida." Ya ce, "Na gaji da juyawa." Tram ya iso, jama'a suka turo ni, na matsa taku biyu, na waiga, ba kowa. Na zagaya wurin nan sau uku da ledar kuka a hannu kamar mahaukaci.

Na ruga na shiga taksifon. Wayarsa ba ta shiga, sai na kira ta gidansu, Malam Idi ya ɗauka, babban cikin 'yan Tawa ɗin. Yana jin sunana ya fara salati, ni kuwa na zauna a ƙasa. Kwana shida ke nan da rasuwar Haruna, in ji shi. Masara ta yi tsayi ta rufe mararraba, Haruna na komowa daga aiki, babbar mota ta fito ta gefe, ba wanda ya ga wani. Lambata tana cikin wayarsa da ta farfashe, shi ya sa ba su kira ni ba. Wani tsoho manomi ya roƙa musu wuri a gefen maƙabartar coci, su biyu suka yi masa wanka, su biyu suka yi masa sallah.

Na ce, "Malam, ina kuka fuskantar da shi?"

Ya ce, "Gabas mana. Kai kudu, fuska gabas, yadda aka saba."

Ranar Litinin na shiga ɗakin taswira na makarantarmu, na ɗauki zare na ɗora a kan ƙwallon duniya. Daga gundumar nan, Makka arewa maso gabas take. Na ce to bari in ga abin da yake kallo, ko Allah ya sa gida ne, in sami abin riƙewa. Na ja zaren gabas sak. Bai bi ta Makka ba, bai bi ta Damagaram ba, cikin teku ya faɗa, can ƙasa da Gana. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka har mai shara ta zo ta tsaya a kaina.

Ba abin da ban yi ba. Wani malami a Paris ya ce mini sun yi iya saninsu, Allah ba ya kama bawa da wannan, kuma ba a tone shi. Na ji, na gode, amma zuciyata ba ta ji ba, domin su ne ba su sani ba, ni na sani. Na nemi biza sau biyu, sau biyu aka hana ni. Kafin shekara ta zagayo aiki ya tsaya, 'yan Tawa suka bar gundumar, yanzu ko mai yi masa Fatiha a bakin kabari babu.

Da na je gida hutu a 2011, Gwaggo ta tsufa, ido ya tafi. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, kai ka san ƙasa. An dai kwantar da shi daidai ko?" Na ce, "Daidai, Gwaggo." Allah ya yafe mini. Sai ta ce, "To me yake nema? Duk la'asar sai ya zo ƙofar ɗakina ya yi ta juyi, ya duba nan ya duba can, ba ya ko gaishe ni."

Ban taɓa gaya mata abin da na gani a Lyon ba, ban gaya wa kowa a gida ba. Ta rasu bayan wata huɗu, da ƙaryata a kunnenta.

Ni ban san mene ne na gani ba, malamai su suka san wannan. Abin da zan ce muku kawai, in ɗan'uwanku na nesa ya roƙe ku abu yana dariya, ku yi masa a ranar, ku yi wasan daga baya. Ni har yau la'asar in ta yi ba na son zama ni kaɗai a ɗaki.