Gayyar Malam Isiyaku

A daminar shekarar da muka shiga aji shida, wata safiyar Litinin bayan an kwana ana ruwa, Malam Isiyaku, malaminmu na Turanci, ya shigo aji ya tarar ba mu cika benci biyu ba. Sauran duk suna gona. Noman farko ya kama, kuma a ƙauyenmu da ke bayan Daudawa babu uban da zai bar dawarsa a hannun ciyawa saboda wata aba wai ita jarrabawar shiga sakandare. Malam ya dubi kujeru, ya dubi allo inda ya rubuta "grow, grew, grown" tun ranar Juma'a, sai ya jefa allinsa a aljihu ya nufi ƙofar gidan mai unguwa.

Can ya yi ciniki da iyayenmu. A ba shi yara daga safe zuwa hantsi, daga nan ajin gaba ɗaya, har da shi kansa, za mu yi gayya a gonar uba guda, gobe a ta wani. Baba ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, in dai kana iya riƙon hauya, mi zai hana?"

Bai iya ba. Ɗan cikin birnin Katsina ne, hannunsa alli kawai ya sani. A ranar farko ya nome dawa ya bar ciyawa tsaye cikin mutunci, kafin la'asar tafinsa ya yi bororo. Amma washegari ya dawo da tsumma ɗaure a hannu, kuma a kan kunyoyin nan muka koyi kalmar da ta gagare mu a allo. Ya ce "grow" mu ɗaga hauya, mu ce "grew" mu sara, mu ce "grown" mu ja ƙasa. Ya ce kalmar mai taurin kai ce, ba ta yarda a liƙa mata "ed" a wutsiya kamar sauran 'yan uwanta idan ana zancen jiya. Ita kuwa "grown" ba ta fita ita kaɗai, sai "has" ko "have" sun yi mata rakiya, kamar amarya. Ya nuna mana cewa da kalmar nan guda Bature yake cewa dawa ta yi tsawo, yaro ya girma, manomi ya noma auduga, har ma mutum ya tsufa. "Talaucin baki ne," in ji Sale abokina, wanda ya ce "growed" sau da yawa har ƙarin kunyar da ake ba shi horo ta kusa zama gona. Da azahar iyayenmu mata su aiko da fura da dambu, mu sha a gindin ɗorawa, mu sauka rafi mu yi langa har a kira mu.

Ajin bai watse ba. Mun zauna jarrabawa, wasunmu suka ci, ni har na ƙare ina koyar da wannan kalmar a Funtuwa.

Yau gonakin nan sai wanda 'yan bindiga suka yarje wa yake taka su. Makarantar ta zama wurin kwanan awaki, babu malamin da zai karɓi aiki can. Ƙanena Lawal ya kwashe iyalinsa ya koma Faskari, ɗaki guda. Bara na je na roƙe shi ya ba ni ɗansa Nura, yaro mai kai, in sa shi makarantar kwana. Na yi masa bayani mai tsawo, irin namu na malamai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ka san dai ana shiga makarantu a kwashi yara. Rantse mini zai dawo, ka tafi da shi yanzu."

Ban rantse ba. Nura yana nan yana tura baro a kasuwa, ni kuma na hau mota ni kaɗai. Iyayenmu hantsin 'ya'yansu kawai Malam Isiyaku ya roƙa. Abin da na je roƙo ya fi ƙarfin aro.