Alkasum Da Kilen Malama Rakiya

Shekara goma sha tara Alkasum ya yi yana buga takardu a wani biro a Damagaram, har idanu suka fara ba shi wahala. Da ya bar aikin sai ya kama ɗan shago a Zango, yana ceto wa mutane abin da ya ɓace musu a waya da ordinatar, wato kwamfuta. Yanzu gashinsa ya yi fari, bayansa kuma ba ya son kujera.

Wata Laraba Malama Rakiya, mai koyarwa a lakkal ɗin Dakusa, ta zo masa da kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar. A ciki akwai waƙoƙin daka arba'in da ta ɗauka daga bakin mahaifiyarta kafin ta rasu.

"Baba, kuskure na yi na danna a goge duka," in ji ta. "Da na gane sai na danna a fasa, na fizge shi."

Alkasum ya cire tabarau ya murza ido.

"Ɗiyata, ke kin ce a fasa, amma shi ya riga ya soma. Kile na ƙwarai yakan ƙarasa abin da ke hannunsa, sannan ya ce ya tsaya. Wani ya yi gum sai an kashe an kunna. Irin wannan mai araha kuwa, da kika fizge shi, ko shi bai san inda ya tsaya ba."

Kwana uku ya yi a kai. Sau biyu wuta ta ɗauke, ya sake daga farko. Kilen ya yi zafi ya daina amsawa, Alkasum ya ajiye shi kan randa ya huce.

Waƙa goma sha ɗaya ya samo. Da ta dawo ya kunna mata. Muryar tsohuwa ta fito tare da bugun taɓarya, ta goma sha ɗayan kuma ta yanke a tsakiyar baiti.

Rakiya ta ce, "Sauran fa?"

"Sun tafi. Ban da ƙarfin yi miki ƙarya."

Ta yi godiya, ta fita neman motar Dakusa. Alkasum ya jawo shimfiɗa ya miƙe bayansa a ƙasa, har aka kira la'asar bai tashi ba.