Kurumtar da na aro daga wani Fada

Har na koma ga Mahaliccina ba zan manta da kurumtar da na ɗora wa kaina a Jidda ba, alhali kunnuwana lafiya lau.

Lokacin ina aiki a tashar jiragen ruwa tare da wani injiniya ɗan Polan. Wata rana muna shan shayi na yi masa kukan 'yata. A unguwar Kurayyat aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa sai da Larabci. Ga mahaifiyata za ta zo umra daga Kano, ita kuma ba ta jin Larabci ko na sayen ruwa. Tsorona kada jika da kaka su zauna suna kallon juna.

Sai ya ba ni labarin ƙanen kakansa, Fada ne na Katolika a wata ƙasa da 'yan Polan suke 'yan tsiraru. Ya tsunduma siyasa, yana bin ƙauyuka a keke yana neman a bar yaransu su yi karatu da harshensu, har kulle shi an taɓa yi. Duk yaron da ya yi masa magana da wani yare kuwa, nan take Fada zai kurumce da gangan.

Na ce na samu magani. Da na koma gida yarinya ta ce, "Yalla Baba, akil!" wato in zo mu ci abinci. Na yi kamar ba da ni take ba. Uwarta ta ce, "Halas, ƙyale shi," suka cinye shinkafar tas. Washegari matata ta dube ni, ta ce da Larabci za su unguwar Bagdadiyya da motata, in ban yarda ba in yi magana. Ina kallo suka fice. A nan na tuna Fada ba shi da mata.

Ranar da Hajiya mahaifiyata ta sauka, ta ga ana yi mini magana da Larabci ina zare ido. Hankalinta ya tashi, ta ce, "Me ya sami ɗana?"

Yarinyar nan ta yi tsalle: "Hajiya, ƙarya yake, yana ji!" Da Hausa, karkatacciya, amma Hausa. Ta haye cinyar kakarta ta zayyana laifina kaf. Hajiya na ta surfa mini faɗa, ni kuwa hawayen daɗi nake sharewa.

Tun ranar na gane ba dole ke buɗe bakin yaro ba. Samo masa wanda yake ɗokin ba labari, ko da ƙararka zai kai.