'Ya'yan Dutse Masu Jar Hula

Mu huɗu ne a wurin ranar: ni, da ɗana na fari wanda aiki ya kai ƙasar Japan, da matarsa, sai wata tsohuwa 'yar garin. Na biyar ɗin, wanda ya kamata a ce yana goye a bayan uwarsa, an binne shi tun kafin jirgina ya sauka. Daga unguwar Kagarawal a Gombe na taso da shirin wankan jego, na tarar da zaman makoki.

Abin da ake faɗa a Gombe shi na faɗa wa surukata: ta yi haƙuri, wanda ya bayar shi ya karɓa, kada in ƙara ganin hawaye. Ta bi maganata. Ta daina kuka, amma ta haɗa da abinci da magana ta daina. Tun ina ɗauka biyayya ce har na ga ƙashin wuyanta ya fito. Na ji tsoro, ban nuna ba.

Mijin ne ya ce mu fita da ita ta sha iska. Muka hau jirgin ƙasa zuwa wani gari a kan dutse, wanda kusan duk ɗakunan bauta ne na katako, cikin dogayen itatuwa. Ban taɓa ganin taron mutane da rashin hayaniya irin wannan ba. A Kasuwar Gombe mutum biyu sun fi su ƙara. A bakin ƙofar wani ɗakin bauta akwai kwatarniyar dutse, kowa ya zo sai ya wanke hannu ya kurkure baki.

"Inna, kin ga su ma da alwalarsu," in ji ɗana.

"Rufe mini baki. Su da nasu, mu da namu."

Ban shiga ba. Na zagaya ta baya, surukata na biye da ni, shi ma ya biyo. Can muka tarar da wasu ƙananan gumaka na dutse a jere, masu kan jarirai, kowanne da jar hula saƙaƙƙiya. Tsohuwar nan tana durƙushe gaban ɗaya, ta cire masa hular da ruwa ya koɗar, ta goge masa fuska da tsumma, ta sa masa sabuwa. Sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni.

Ɗana ya gaishe ta da harshensu, suka yi magana. Ya juyo yana kallon ƙasa ya ce, waɗanda jariransu suka mutu ne ke ajiye su.

"Tambaye ta, nata yaushe ya rasu?" Surukata ce. Sai da na waiga, don na manta muryarta.

"Ta ce tun tana amarya."

"Kuma ba wanda ya hana ta zuwa?"

Bai fassara wannan ba. Ya san ba da tsohuwar ake ba.

Matar ta ɗago ta dubi surukata. Ban san me ta gani ba, sai ta zaro wata hular daga jakarta ta miƙo da hannu bibbiyu. Yarinyar ta kai hannu, na riƙe tsintsiyar hannun.

"Mu ba ma yin wannan."

"Na sani, Inna. Ba dutsen nake so ba. Kowa a gidanmu yi yake kamar ban haihu ba."

Na saki hannun. Ba ta karɓi hular ba, ta dai rusuna ta yi godiya. Har yau ina kan bakana, dutse ba ya ji ba ya gani. Amma maganarta ta tsaya mini a rai har muka isa masauki, inda ake kwana a ƙasa kan tabarma.

Da gari ya waye, bayan na idar da salla, aka kawo shinkafa fara da wani romo mara gishiri. Na ce wa ɗana ya fita ya ga gari, kada ya yi saurin dawowa. Na matsa kusa da ita na zauna.

"Ke kika gan shi, ni ban gani ba. Da wa ya yi kama?"

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce goshin ubansa ne, amma yatsun dogaye, irin nawa. Kukan ya zo mata. Na bar ta ta yi har ta gaji, na tura mata kwanon shinkafar, na ce ta ci gaba, ina ji.