Fetur ɗin da ke ƙarƙashin daɓe ba na Yaya Sale ba ne

Yau shekara huɗu ke nan da muka binne yayana Sale, kuma har yanzu akwai waɗanda in an ambace shi sai su ce, "Ai shi ne mai kai wa ɓarayin daji mai." Ɗansa Nura, wanda ke gyaran babur a birnin Katsina, ya daina faɗin sunan ubansa. In aka tambaye shi ɗan wane ne shi, sai ya ce mutumin Batsari ne, ya sunkuya ya ci gaba da aiki. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Hannuna bai daɗe da sanin alƙalami ba, a ajin yaƙi da jahilci na koya, amma abin da zan faɗa idona ne ya gani.

Mu mutanen Ruma ne ta ƙasar Batsari, manoma, ba mu gaji ruwa ba. Yaya ya koyi tuƙin jirgi mai inji ne a wajen ci-rani, can ƙasar kogi. Da hare-hare suka tashe mu muka koma wajen Safana, sai wani ɗan kasuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya sayi jirgi ya sa a dam, wato madatsar ruwan da ke yankin, don a lokacin mutane sun fi yarda da ruwa a kan hanyar mota. Ya ɗauki Yaya ya riƙa tuƙa masa.

An yi wa jirgin daɓen katako don ɗora babura da buhuna. Ƙarƙashin daɓen rami ne mai duhu, nan tankin mai yake, nan batir yake. Tun ranar farko Yaya ya ce ba zai tayar da inji ba sai an huda daɓen. Ya sa bututun roba biyu, ɗaya a gaba bakinsa na kallon iska, ɗaya a baya ya sauka har gindin jirgi. Ya taɓa ce mini tururin fetur ba kamar hayaƙin murhu ba ne da ke tashi sama. Nauyi gare shi, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa yana jiran tartsatsi ɗaya. Don haka kullum da safe sai ya ɗaga katako biyu, ya durƙusa ya sa hanci, ya kwashe ruwan da ya taru, sannan ya jira. Masu sauri su yi ta yi masa tsiya.

"Malam Sale, tuwo ka ɓoye a ciki ne?"

"In na ji ƙamshin miya kai zan fara kira," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

A wancan lokacin ne aka hana sayar da fetur a jarka a yankinmu. Ban ga laifin dokar ba, mun san abin da mai ke yi in ya shiga daji. Amma ta sa fetur ya zama zinariya a ƙetaren ruwa. Sai aka yi mana rasuwa a Darini, Yaya ya tafi ta'aziyya ya yi kwana uku. Ana gobe zai dawo, da la'asar, na kai buhunan masarata bakin ruwa. Na tarar da mai jirgin a tsaye, an jera jarkoki a ƙarƙashin daɓe, ana buga wa katakon ƙusa. Da hannunsa ya cusa tsumma a bututun gaba, ya cusa a na baya.

Na ce, "Alhaji, ai ta nan jirgin ke numfashi."

Ya ce, "Ta nan kuma masu bincike ke jin wari. Kai da ka kawo masara, ka ji da masararka."

Na ji da masarata.

Washegari ranar kasuwa ce. Yaya ya sauka daga babur ya zo kai tsaye, jirgi ya riga ya cika, ni ma ina ciki. Ban ce masa komai ba. Ya taka daɓen, ya tsaya, ya dubi kawunan ƙusoshi. Ya zare tsumman baya ya kai hanci. Sai ya miƙe ya ce kowa ya sauka. Wuri ya kaure. Wata mata mai kwandon kaji ta ce rana na yi, kajinta za su galabaita. Wani mahauci ya ce, "Wannan bawan Allah da hancinsa sai ya talauta mu!" Ni kuwa, ni da na san abin da muke zaune a kai, cewa na yi, "Yaya, mu haye tukuna, in mun isa ka duba."

Ya dube ni. "Har da kai, Ado? Sauka, ka ja su can gindin bishiya."

Muka sauka ana ta gunaguni. Ya ɗauko ƙarfe ya fara ɓanɓarar katako don iska ta shiga. Ko ƙarfen ne ya gogi ƙusa, ko wayar batir ce da jarkoki suka danne, Allah ne masani. Mun ji ƙara, muka ga wuta ta tashi ta fi tsayin mutum. Ya yi kwana biyu a asibiti kafin ya cika.

Da aka ga ƙonannun jarkoki, aka tambayi mai jirgin. Cewa ya yi, "Jirgi a hannun direba yake." Shi ke nan. Maganar ta shiga kasuwa ta fito da ƙafafu. Abin da ke cina har yau shi ne, cikin masu yaɗa ta har da waɗanda ya saukar da safiyar nan. Ni ma na yi shiru, don a lokacin duk wanda sunansa ya matso kusa da fetur ba ya kwana a gidansa. Mutane suna yaba mini da haƙuri. Wannan ba haƙuri ba ne, tsoro ne, kuma matar Yaya da 'ya'yansa ne suka ɗauki nauyinsa shekara huɗu.

Watan jiya na koma bakin ruwan. Jirage sun ƙaru. Biyu na da bututu gaba da baya. Na tambayi direban ɗaya wa ya koya masa, ya ce haka ya ga ana yi. Sauran a rufe suke ruf, wani har ya jawo waya daga batir ta tsakanin katako yana yi wa fasinja cajin wayar hannu. Da Yaya na nan da ba zai yi wa'azi ba. Zai durƙusa a gaban kowa ya sa hanci, a yi masa dariya, ya jira. Ni ba ni da irin zuciyarsa. Na tsaya ina kallo cike da fushi, musamman da na ga Alhajin ya yi sabon jirgi, ana ta gaishe shi da hannu biyu.

Me ya rage na Yaya? Bai bar gona ba, tamu tana can inda ba mu iya zuwa. Bai bar gida ba. Mutane ya bari. Mai kajin nan ta sake haihuwa bayan ranar. Mahaucin na nan a kasuwar Safana yana yi wa mutane barkwanci. Ni ma ga ni, da hannun da ke wannan rubutu. Kowannenmu yana tafiya da ran da Sale ya kora gindin bishiya, amma babu wanda ya buɗe baki ya ce fetur ɗin ba nasa ba ne.

Nura, ubanka bai ɗauki jarka ko ɗaya ba. Ni na ga wanda ya jera su, na ga wanda ya toshe bututun, kuma na san wanda ya yi shiru. Juma'a mai zuwa, bayan an idar da salla a masallacin da Alhajin ke salla, zan miƙe in karanta wannan da bakina, ko da zan yi ta tuntuɓe a kan kalmomi. Abin da zai biyo baya ya biyo. Ka zo, akwai wuri kusa da ni a sahu.

Allah ya jiƙan Sale ɗan Musa, uban Nura.